Kaskon Kare: Kindirmo, Kankana Da Tsamiya

 A wannan mako zan ɗan ajiye maganar siyasa da ta tsadar kaya gefe guda, in taɓo wata magana wadda na san kafin in kai ƙarshenta wasu za su ce lalle ɗan jaridan nan ya rasa abin rubutawa. Maganar kare ce, da abin da a ke zuba masa a kasko. Ina roƙo a yi haƙuri a bi ni sannu, gama abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kanta ba labari aka ba ni ba. A gabana aka yi, har ma da hannuna a ciki.

Cikin azumin da ya wuce na sami 'yan kwanaki daga ofis, na tafi Nguru gai da kawuna. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma tun da ya ajiye aiki bai yarda ya bar garin ba, yana zaune ba nisa da tashar da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinta. Kowa ya san a Nguru ne dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe tun 1930, kuma ta kansa ne gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama suka riƙa gangarawa Kudu shekara da shekaru. In ka zauna da kawu, to, sai ka ji wannan tarihi tun daga tushe, ko ka so ko ka ƙi. Amma wannan karo na tarar wata magana ta ture ta jirgi a gidan. Ɗansa, watau taubashina, ya gama hidimar ƙasa a Jos, ya dawo da ɗan kwikwiyo irin na 'yan sandan nan masu tsayayyun kunnuwa, waɗanda asalinsu daga Jamus ne. Ya ce don gadin sito ya sayo shi, gama yana ɗan taɓa cinikin bandar kifi, an kuwa fasa masa sito har sau biyu. Kuɗin da ya ce ya zuba a kansa sun isa sayen ragon layya.

Ran da na sauka, bayan an sha ruwa, sai na ga yaron nan ya ɗauko gorar yogot mai sanyi ya juye a kwano, ya yayyanka kankana ya zuba a kai, ya kai wa kare. Kawu yana kishingiɗe a tabarma, ya ɗago kai ya ce, "Kai, ɗan nan! A gidan nan ne za a ba kare abin da ni mai gidan ban kurɓa ba?" Yaro ya ce, "Baba, a yi haƙuri, haka a ke yi musu. A waya na gani." Kawu ya ce, "To, wayar ta zo ta yi maka gadin siton." Aka yi dariya. Ni kuwa na zo da tsarabar inabi daga Kano, irin wanda a ke nomawa a ƙasar Kudan ta jihar Kaduna. Yara suna ci, sai ɗaya ya jefa wa kwikwiyon ƙwara guda, ya cafe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Shi ke nan, wasa ya samu. Wannan ya jefa, wancan ya jefa, ni ma da girmana na jefa biyu ko uku. Ba wanda ya ƙirga, amma reshe guda ya kusa ƙarewa a cikinsa.

Kashegari da safe na wuce Gashuwa, tafiyar kamar awa guda a mota, don wani aiki na ofis. Ina can taubashina ya bugo mini waya ya ce kare ya kwana yana amai, ya ƙi cin kome. Na ce masa wataƙila zafi ne. Bayan kwana biyu ya sake bugowa, ya ce yanzu ko tashi ba ya yi, bakinsa yana wari, kuma tun jiya bai ga ya yi fitsari ba. Sa'an nan ne aka sa shi a keke mai ƙafa uku aka kai wa malamin dabbobi. Tambayar farko da malamin ya yi ita ce me ya ci. Aka shiga lissafa masa, da aka zo kan inabi sai ya ce ƙoda ce ta tsaya, kuma an makara. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ɗaura masa ruwa, amma a rana ta biyar kare ya mutu.

Kawu ya ɗora laifin a kan yogot, ya ce dama ya faɗa. Ni kuwa da na dawo ofis abin ya tsaya mini a rai, na shiga bincike da tambayar masu ilmin dabbobi. Abin da na samo shi ne na ke so in baje muku, domin gidajen da a ke kiwon kare a ƙasar nan tamu, na mafarauta da na makiyaya da na masu gadin gona da sito, sun fi yadda mu ke so mu yarda yawa.

Inabi, ɗanye ko busasshe wanda mu ke kira zabibi, yana lalata ƙodar kare. Likitocin dabbobi na Amurka sun fara lura da haka wajen ƙarshen shekarun 1990, amma aka yi shekara 20 da ɗoriya ba a gane abin da ke cikinsa mai yin wannan ɓarna ba. Abin da ya ƙara ɗaure musu kai shi ne, wani kare sai ya ci da yawa ya tashi garau, wani kuwa 'yan ƙwarori kaɗan su kwantar da shi. Sai a 2021 likitocin wata cibiya mai kula da dabbobin da suka ci guba, ta ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, suka nuna cewa mai laifin, bisa dukkan alamu, wani tsami ne da ke cikin inabin, wanda masana ke kira tatarik. Ga ɗan Adam ba ya yin kome, ga kare kuwa sai ya taru a ƙoda ya ƙone ta. Yawan wannan tsami ya bambanta daga wannan inabi zuwa wancan, gwargwadon iri da nuna da ƙasar da aka shuka shi, shi ya sa ba likitan da zai ce maka ga adadin da kare zai ci ya tsira. Amai ya kan soma cikin kwana guda, ƙoda kuwa ta kan tsaya tsakanin kwana ɗaya da uku. Da a daren nan muka kai shi aka sa shi ya amayar, aka ɗaura masa ruwa na kwana biyu, da mai yiwuwa yau yana kwance a bakin sito.

To, mai karatu zai ce ina ruwan talaka da inabi, abin da shi kansa sai ya shekara bai ɗanɗana ba balle ya jefa wa kare? Gaskiya ne. Amma ga inda gizo ke saƙar. Wannan tsami na tatarik, tsamiya ta fi inabi yawansa nesa ba kusa ba, ta ninka shi sau da dama. A 2022 likitocin nan suka buga rahoton karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci tsamiya, da alamu iri ɗaya da na inabi. Tsamiya kuwa, wane gida ne babu ita daga Nguru har Gashuwa, balle da azumi? Ana jiƙa ta a ƙwarya a ajiye a ƙasa, a tace a watsar da ragowar a bayan madafa, inda kare ke kwana. Da na faɗa wa matar kawu wannan magana sai ta ce, "Haba ɗana, tun muna yara a ke zuba wa kare sauran kunun tsamiya, ba mu ga ya mutu ba." Ban musa mata ba, gama tsamiyar da ke cikin ludayi biyu na kunu ba ta taka kara ta karya ba. Abin tsoro shi ne curin tsamiyar kanta, da jiƙo mai kauri, da kwikwiyo mai haɗiye duk abin da ya tarar. Sa'an nan, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, karnuka nawa suka mutu a garuruwanmu aka ce ajali ne, ko aka ce maƙwabci ya ba su guba, har aka daina ga maciji a kai? Wa ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da suka ci kwana uku kafin nan?

Mutanen Gashuwa ba sa bukatar a gaya musu mene ne ciwon ƙoda. Sun binne 'yan'uwa da yawa saboda shi, masana kuma sun daɗe suna bin sawun musabbabinsa. Saboda haka bari in faɗa da babbar murya kada a juya mini magana: ban ce tsamiya ko inabi suna da hannu a ciwon ƙodar mutane ba. Kowa ya sha kununsa lafiya. Maganar kare na ke yi, cikin kare kuwa daban, na mutum daban.

Yanzu sai yogot, wanda kawu ya yanke wa hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba. Aikin da ya kai ni Gashuwa ya sa na shiga wani ƙauye a bakin kogin Yobe, inda na tarar da wani tsohon mafarauci zaune a inuwa da karnuka huɗu, sirara, masu dogayen ƙafafu, cikinsu a lafe kamar na barewa, amma gashinsu yana sheƙi. Abin da na gani a Nguru yana raina, sai na gaishe shi na ce, "Baba, me a ke ba waɗannan suka yi kyau haka?" Ya ce, "Ɗan samari, abin da na ci shi su ke ci. Tsaki, da ƙanzo, da kan kifi in an samu. Ran da Fulani suka sauka kusa kuma, tsala." Ya ƙara da cewa ba a kiwon kare ranar farauta, wanda ya bar shi da yunwa duk damina kada ya sa rai zai kamo masa zomo da rani.

Ashe ke nan ba Bature ne ya fara ba kare nono ba. Karen ruga a kan wankin ƙwarya ya tashi tun kaka da kakanni. Can arewa maso yamma da mu, a kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Buzaye suna da wani irin kare mai gudun tsiya, wanda abincinsa na gado gero ne da nono da ɗan abin da ya kamo. A farkon shekarun 1970 aka soma kai shi Turai, yau kuma da sunan kwarin a ke kiransa a can, ana sayensa da tsada. Abin da taubashina ya ɓata kuɗin waya ya gano, da mai tallar nonon da ke wucewa ta ƙofar gidansu ya tambaya, da ta gaya masa kyauta.

Amma fa akwai nono, akwai nono. Madarar saniya tana da wani irin sukari nata na halitta, kusan kashi 5 cikin 100. Kwikwiyo mai shan mama cikinsa yana da abin narkar da irin wannan sukari, amma da zarar an yaye shi sai abin ya riƙa raguwa, shi ya sa babban kare in ya sha madara da yawa sai kumburin ciki da zawo. In madara ta kwana ta yi tsami, ƙwayoyin da suka tsamar da ita sun riga sun cinye wani kashi na sukarin, saboda haka kindirmo da tsala sun fi madara kwanciya a cikin kare. Duk da haka ba kowane kare ne ke ɗauka ba. A fara da cokali guda a gani, in ya yi zawo a bari. Babban kare ma cokali biyu ko uku sun ishe shi a yini, ba gora sukutum ba. Gara kuma kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar, gama ɗanyar madara ta kan ɗauko bakkale da tarin fuka na shanu, cututtukan da ba su bar kare ba, ba su kuma bar mai karen ba.

Yogot na gora kuwa, yawancin wanda a ke sayarwa a kantunanmu sukari ya yi masa yawa, ga ƙamshi da launi da aka ƙara. Ba zai kashe kare nan take ba, sai dai ya ɓata masa haƙora ya tara masa kitse, kare mai teɓa kuwa ban san ɓarawon da zai kama ba. Mai kisa shi ne wanda aka ce babu sukari a cikinsa, in an zaƙaƙa shi da wani sinadari mai suna zailitol, wanda a jikin kwali a ke rubutawa xylitol. An fi samunsa a cingam da alewar masu ciwon sukari da wasu man goge baki, a kan kuma sa shi a wasu kayan zaƙi na nono. Mutum ya ci, ba kome. Kare kuwa, tsakanin minti 10 da awa guda sukarin jininsa sai ya faɗi warwas, ya soma tangaɗi da shure-shure, in ya ci da yawa hanta ta lalace. Wanda ya iya karanta saƙon waya, ai ya iya karanta bayan gora.

Kankana ita ma ba ta da laifi a mutuwar nan. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 cikin Afrilu da Mayu kuwa, dabbar da ba ta da hanyar shan iska sai zaro harshe ba za ta ƙi ta ba. A dai cire 'ya'yan, kada kuma a ba shi ɓawon. Haka gwanda da ayaba da gurji, kaɗan-kaɗan. Mangwaro, naman ne nasa. Ƙwallon in ya haɗiye ya kan tsaya a hanji, ba gaba ba baya, sai an yi masa aiki, asibitin da zai yi wa kare aiki kuwa ba a kowane gari ya ke ba. Lokacin mangwaro ka shiga kowane gida mai yara ka ga ƙwallaye zube a tsakar gida kamar an shuka. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce, duk kayan marmarin nan, da nonon da ɗan itacen, kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da kare ke ci a yini.

Gaskiyar magana ma, kare ba ya bukatar ɗan itace yadda mu mu ke bukata. Bitamin C ɗin da mu ke nema a lemo da gwaba, shi jikinsa ne ke haɗa masa. Abin da ba ya iya yi sai da shi, shi ne nama ko kifi ko ƙwai, da tsaba dafaffiya, da ruwa mai tsabta a inuwa. A 2013 masana na Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa ɗaya daga cikin abubuwan da suka raba karen gida da kakansa, kyarkecin ƙasashen sanyi, shi ne kare ya fi shi iya narkar da abinci mai gari, saboda daɗewar da ya yi yana zaune da manoma. Watau tsaki da ƙanzon tsohon mafaraucin nan ba abincin wahala ba ne, muddin akwai kan kifi a kai. Tuwo zalla dai ba ya riƙe kare.

Abin da ya fi damuna ma ba kankanar 'yan zamani ba ce, ragowar tukunyarmu ce, wadda kowa ke juyewa a kasko da zuciya ɗaya. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafawa ko soyawa ba ta kashe wannan dafi. Albasa ɗaya matsakaiciya ta isa ta taɓa kare irin namu na gida, ba kuwa nan take za a gani ba, sai bayan kwanaki ya soma kasala, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. A ƙasar da fadamu ke fid da albasa buhu-buhu, a zubar da ruɓaɓɓiyar a bakin kasuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Goro da ganyen shayi da cakulan duk suna da abin da ke tayar da bugun zuciya, wanda jikin kare ke daɗewa bai fitar ba. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza da ƙayar kifi, ya kan tsage ya huda hanji. Sa'an nan ga wadda ta shafi 'ya'yanmu kai tsaye. Mahauta sun san huhu ko hantar tunkiya da raƙumi mai ƙullutun ruwa a jiki, wadda a ke yankewa a jefa wa karnukan mayanka. To, ƙullutun nan 'ya'yan wata tsutsa ne a ciki. A hanjin kare ta ke girma, ƙwanta ya fito a kashinsa, yaro mai wasa da ƙasa ya kai baki, bayan shekaru ƙullutun ya fito a tasa hantar. A garin dabbobi kamar Nguru, irin wannan nama binnewa ya kamata a yi ko ƙonewa, sauran kayan ciki kuma a dafa kafin a ba kare.

Na san akwai mai karatun da tun farkon shafin nan ya ke tafasa. Zai ce a jihar da a ke kai yara asibiti saboda tamowa, almajiri yana tsaye a ƙofa da ƙoƙonsa, ɗan jarida ya zauna yana auna wa kare cokalin kindirmo? Ban ga laifinsa ba, gama ni ma a daren nan na Nguru, kafin a soma wasan inabi, abin da ya fara zuwa raina ke nan. Malamanmu sun yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kowa kuma ya san abin da addini ya ce game da wanda ya tsare dabba ya hana ta abinci. A ganina, wanda ya ajiye kare wajibi ne ya ƙosar da shi, amma ba wajibi ba ne ya saya masa marmari. Wankin ƙwarya ya isa. Wanda zai juye gorar yogot a kwanon kare alhali ɗan maƙwabcinsa bai karya kumallo ba, sai ya binciki kansa. Wanda kuma ba ya iya ci da iyali da baƙon kare mai cin na mutum biyu, ya nemi irin namu na gida, wanda ya saba da zafinmu da ƙanzonmu.

Amma kada mu ruɗi kanmu. In an ɗebe 'yan tsirarun gidaje, karnukan ƙasar nan ba yawan yogot ne ke damunsu ba, yunwa ce. Karen da ba a zuba wa kome a gida shi ne ke bin juji da mayanka da kasuwar kifi, ya yi faɗa da baƙin karnuka, wata rana ya dawo gida da hauka a bakinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Alhali kuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke nan tun 1924, ta daɗe tana yin allurar rigakafinsa ta karnuka. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa shekara-shekara. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin kowane 100 na gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Wanda kare ya ciza kuma, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ya ga yadda karen zai kwana. Da na tambayi taubashina ko an yi wa kwikwiyon nasa wannan allura, sai ya sosa ƙeya. Kuɗin da ya zuba a yogot cikin wata guda kuwa sun isa yin ta.

Ina kira ga masu kula da lafiyar dabbobi na jihar Yobe, da ƙananan hukumomin Nguru da Bade da Karasuwa da Jakusko, da su yi amfani da ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta keɓe don yaƙi da wannan ciwo. A bi ta hannun sarakunan farauta da arɗaɗe da masu unguwanni, gama su suka san kowane kare da mai shi. In an zo yin allura kuma, a ƙara da 'yan kalmomi kan inabi da tsamiya da albasa da huhun mayanka. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana da malaman aikin gona. 'Yar takarda guda da Hausa da Barbarci da Badanci, da minti biyar a rediyo, ba za su gagare su ba.

Makon jiya na sake komawa Nguru. Na tarar taubashina ya samo wani kwikwiyo ja daga hannun wani makiyayi, bai biya kome ba sai goron godiya, kuma takardar allurarsa tana maƙale a bangon zaure. Matar kawu, wadda ta ce ba ta yarda da maganata ba, ta kafa ƙusa ta rataye tsamiyarta a sama. Kawu kuwa har yanzu cewa ya ke yi ba ruwansa da kare, amma da safe na gan shi ya ɗauraye ƙwaryar furarsa, ya waiga ko akwai mai kallo, ya juye a kasko. Da zan taho ya rako ni bakin hanya ya ce, "In za ka sake zuwa ka kawo mini goro, shi a aljihu na ke ajiyewa. Inabin nan ka bar wa mutanen Kano abinsu."